Ƙusoshi a Bakin Baba Mai Kujeru

Baba Mai Kujeru ba ya yarda da kujera sai ya kifa ta. Ko an kawo masa ita tana ƙyalli, mai ita yana rantsuwa cewa ƙafa ɗaya ce kawai ke rawa, sai ya ce a kama masa a juya. Ya sa wuƙa ya farke baƙin ƙyallen da ke rufe da cikinta, ya zura kai. A nan yake ganin gaskiyar gidan da ta fito: ƙarfen sifirin da ya karye aka ɗaure da igiyar takalmi, soso da ya zama gari, ƙwayar maganin da wani tsoho ya ce ya sha alhali bai sha ba, ɗankunnen da aka daɗe ana zargin 'yar aiki a kansa. Ba ya ba kowa labari. Yana zuba abin da ya tsinta a wani tsohon gwangwanin madara, ranar da mai kujera ya zo ɗauka ya miƙa masa kayansa, ko gira ba ya ɗagawa.

Shagonsa na tsakanin mai facin taya da kantin magani, a kan titin da ke gangarawa tashar bas. Ƙofarsa faffaɗa ce, kuma muddin yana ciki a buɗe take. A bakin ƙofar matarsa ke zama da keken ɗinki, tana haɗa rigunan kujeru, tana ganin na ciki tana ganin na waje. Su biyu suka tayar da 'ya'yansu mata a cikin ƙurar soso da warin gam, har kowacce ta kama gabanta.

Ba shi ya nemi aikin matasa ba. Shekaru da yawa baya, faston wancan lokacin ya ba shi gyaran kujerun majami'a, ya haɗa shi da wasu samari da suka addabi bencin baya da surutu, wai horo ne. Baba ya miƙa wa kowa filaya, ya nuna musu tsofaffin ƙusoshin da za su cire, ya koma kan aikinsa. Bai yi musu wa'azi ba, ba kuwa don hikima ba. Mai gyaran kujera a baki yake riƙe ƙananan ƙusoshinsa, yana zaro su ɗaya-ɗaya yana bugawa, don hannu biyu ba sa isa. Mutumin da leɓensa ke cike da ƙarfe ba ya iya cewa komai sai "uhm".

Yaran suka ga ga babba guda da ba ya katse su, ba ya kuma kallon ƙwayar idonsu, sai suka fara zuba. Wannan ya ce babansa ba ya yi masa magana sai in zai yi faɗa. Wancan ya ce ya faɗi jarrabawa bai faɗa a gida ba. Da aka gama kujerun majami'a ba su daina zuwa ba, suka ma jawo wasu. 'Yan matan suka kewaye keken Mama suna koyon saka zif, samarin suna ciki suna cire ƙusa. Sai in rana ta yi sanyi Baba zai tofar da abin da ke bakinsa a tafin hannu, ya faɗi magana biyu ko uku daga Maganar Allah, a yi gajeriyar addu'a, kowa ya kama hanyar gida da sauran haske. Daga baya ya sayi bindigar ƙusa irin ta zamani, wadda ba ta bukatar bakin kowa. Amma duk Asabar, ranar zuwan yaran, sai ya ajiye ta ya koma wa guduma. A lokacin ya riga ya gane abin da ƙusoshin ke yi masa.

Bara, da gwiwarsa ta fara kuka in zai miƙe, ya tashi a taron dattawan ikilisiya ya ce lokaci ya yi da zai sauka, a ba masu jini a jika. Tun a gida ya shirya jawabin. Ya kuma shirya, a wani lungun zuciyarsa da bai cika leƙawa ba, yadda zai yi in sun roƙe shi ya ƙara: zai sunkuyar da kai, ya yi jim, ya ce to, tunda kun matsa. Ba wanda ya matsa. Fasto ya rungume shi, aka tafa, aka yi masa doguwar addu'a, aka ba shi agogon bango. Agogon na nan rataye a shago. Bai sa masa batir ba.

Wanda aka ba samarin wani saurayi ne mai aikin lantarki, wanda shi ma a shagon nan ya koyi riƙe filaya. Mai Lantarki yaro ne mai zuciya, mai saurin baki, in ya fara magana a kan Yesu har jijiyar wuyansa tashi take. Ya mayar da taron wani ƙaramin ɗaki a bayan majami'a, ya jera kujerun roba a da'ira. Baba ya leƙa sau ɗaya ya dawo yana ƙunƙuni.

"Kujerar roba," ya ce wa matarsa. "Abar da ba ta da ciki. Me za ka buɗe a jikinta?"

"Zama ake yi a kai, Maigida, ba tiyata ba," in ji Mama, ba ta ko ɗago ba.

Asabar ta zama rana kamar kowace rana a shagon. Sai wata Asabar da la'asar inuwa ta tsaya a bakin ƙofa.

Gola ne. Ɗan shugabar mawaƙan ikilisiya, dogo, siriri, hannuwansa sun riga jikinsa girma. Shi ke tsare wa matasan raga in ana ƙwallo, har sunan ya bi shi aka manta na yanka.

"Sannu da aiki, Baba. Sannu, Mama."

"A'a, Gola! Yau ba taro?"

"Akwai."

Ya wuce ya ɗauki filaya daga inda take tun da, ya durƙusa gefen wata kujera da aka kifa. Baba ya dube shi da wutsiyar ido, ya ajiye bindigar ƙusa, ya ɗebi ƙusoshi ya zuba a baki.

An cire layi guda kafin yaron ya yi magana, idonsa a kan katako.

"Na gaya wa Mai Lantarki wani abu ne. Na ce masa ni in ana addu'a baki kawai nake motsawa. Ba na jin komai, Baba. Kamar kana magana a waya, can ka duba ka ga ashe tuni ta mutu. Na ce masa wani lokacin ban ma tabbata akwai mai ji ba."

"Uhm."

"Na ce kada ya gaya wa kowa, balle Mamata. Ya ce ba zai faɗa wa mutum ba, sai Allah." Ya fizgi ƙusa da ƙarfi har ta yi tsalle. "To ya faɗa wa Allah ɗin. A tsakiyar taro, ido a rufe, murya har titi. Wai, ya Uba, ka dubi ɗan'uwanmu da ke nan cikinmu, ba zan kama suna ba, kai ka san shi, shakka ta shiga zuciyarsa. Kai da ka ba shi hannun kama ƙwallo, ka ba shi hannun kama bangaskiya."

Saura kaɗan Baba ya haɗiye ƙusa. Keken Mama ya tsaya, ya ci gaba.

"Kowa ya buɗe ido ɗaya. Yanzu in na wuce sai su ce Shaiɗan ya zura wa Gola ɗaya ta tsakanin ƙafa. Maganar ta kai gida. Kullum da safe sai Mamata ta dafa kaina tana kuka tana tsawata wa ruhohi, ni ko shayina ban sha ba." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na gama da su, da taron da majami'ar duka. Nan zan riƙa zuwa. Kai ne ka iya, Baba. Shi bai iya komai ba."

Tausayi ya kama Baba, wannan gaskiya ne. Amma ƙarƙashin tausayin wani abu ya motsa, mai ɗumi, mai zaƙi, ya bi jikinsa har gwiwa. Kai ne ka iya. Ya daɗe bai ji maganar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba. Da yaron ya tafi, Baba ya share shago yana fito, ya ɗaga kujera shi kaɗai ya jingine.

"Yau kam gwiwa ta warke," in ji Mama, tana cizon zare.

"Me kuma na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Yaro ya shigo da ciwo, kai kana tafiya kamar ango."

"Maman yara, ki ji tsoron Allah. Kin ji abin da aka yi masa."

"Na ji. Kunnena ne ya fi naka lafiya." Ta juya yadin ta daidaita bakinsa. "Tambaya ɗaya zan yi maka. So kake yaron ya warke, ko so kake a ce sai a shagonka ake warkewa?"

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ni da kai nawa ya rage mana a ƙofar nan? Yaron ya ce ya bar majami'a, ya bar 'yan'uwansa, kai kaɗai ya riƙe. Ranar da aka rufe shagon nan, ƙofar wa zai buga?"

Baba ya juya mata baya. Ya kwana biyu yana fushi da ita, yana buga ƙusa kamar ita ta yi masa laifi. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kifa kujerun mutane ba ya iya daɗewa bai kifa tasa ba. Ya duba, ya ga abin da matarsa ta gani, bai ji daɗin gani ba, bai kuma tsaya yi wa kansa makoki ba. A sana'arsa in ka ga karyayyen sifirin ba kuka kake yi ba, filaya kake nema. Abin da ke gabansa a fili yake: ko Gola ya koma hannun wanda ya ji masa ciwo, ko kuwa ikilisiya ta rasa shi a hankali, ta hanyar shagon Baba.

Bai kai ga neman Mai Lantarki ba, shi ya kawo kansa. Da hantsi ya shigo, jakar kayan aiki a kafaɗa, idonsa ya faɗa. Ya gaishe su a ladabce, ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, na ɗakin taro ne. Ka karɓi abinka. Ni ban dace ba."

Baba ya kalli makullin. Ga shi nan, an kawo masa har gida, ba tare da ya roƙa ba. Yatsunsa har sun yi ƙaiƙayi. Ya karɓa, ya jefa shi cikin gwangwanin madara, ya ji ƙararsa a kan cokali da 'yan maɓallai.

"Zauna. Kama wannan yadin ka ja. Ja sosai, ba rigar amarya ba ce."

Saurayin ya ja. Baba ya buga ƙusa biyu kafin ya ce, "Me ya sa ka yi addu'ar da ƙarfi?"

"Don 'yan'uwa su taya shi, Baba."

"Allah kurma ne?"

"A'a."

"To da ka yi ta a ɗakinka ba zai ji ba?"

Baba ya buga wata ƙusa.

"Bari in faɗa maka abin da na gani, in ƙarya ne ka ce ƙarya ne. Tunda ka karɓi yaran nan kake jin ana auna ka. Sai ga ɗaya ya zo ya buɗe maka cikinsa, kai ba wani ba. Daɗi ya kama ka. Ka so sauran su san cewa kai ma yanzu ana kawo maka asiri. Ba ka iya cewa haka da bakinka, sai ka sa wa abin rigar addu'a."

Yadin ya saki a hannun Mai Lantarki. Ya ce a hankali, "Ba ƙarya ba ne."

"To ja yadin, ban ce ka mutu ba. Kana tsammani akwai wanda ya shigo aikin nan da zuciya wankakkiya? Kowa da 'yar yunwarsa yake shigowa, yunwar a so shi, a neme shi."

"Har da waɗanda suka fita," in ji Mama daga bakin ƙofa.

Baba ya yi kamar bai ji ba. "Ubangiji bai jira ka wanku ba kafin ya ba ka yaran. Yana wanke ka ne da su. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka fasa abu ka gudu ka bar wa wani shara. Makullin nan da ka kawo, tuba ce ko gudu?"

"Baba, ko na koma ba ni da amsar da zan ba shi. Ya ce bai tabbata akwai mai ji ba. Na duba, na karanta, na rasa ta inda zan fara."

"Wa ya ce maka amsa ya zo nema? Ya zo ya ga ko za ka firgita ne, ka kuwa firgita. Kai mai lantarki ne, kana ganin hayaƙi sai ka kashe wutar gida duka. Shakkar yaro ba gobara ba ce. Wanda ya ce maka ba ya jin komai in yana addu'a, ai gaya maka yake har yanzu yana yi. Cikin waɗanda suka bi Ubangiji da ƙafarsu ma akwai wanda ya ce sai ya gani da idonsa, ba a kuma kore shi daga tebur ba."

Ya zagaya ɗaya gefen kujerar, yana dafa gwiwa.

"Abin da yaro ya ba ka, nasa ne, ajiya ce. Ba na Fasto ba ne, ba na taron addu'a ba, ba na budurwarka ba. Abu ɗaya ne ba a riƙewa: in ransa na cikin haɗari, ko wani na cutar da shi. Shi ma ba ta bayansa za ka bi ba. Ka dube shi ka ce, wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, tashi mu je tare. Kuma kada ka taɓa rufe ƙofa da ɗan mutane. Ka ga tawa? Ko ƙyauren ya manta yadda ake motsi."

"In na ba shi haƙuri ya ƙi fa?"

"Sai ya ƙi. Asabar ta gaba ka buɗe ɗakin ka zauna. Ta gaba ma haka. Yara ba sa tuna wa'azinka, ɗana. Tambayi kanka, me na taɓa faɗa maka a shagon nan da ka riƙe?"

Mai Lantarki ya yi tunani, kunya ta kama shi, ya yi 'yar dariya. "Gaskiya, Baba... ban tuna ba."

"Ka gani. Maras kunya. Amma ka tuna ina nan."

"Kullum."

"To shi ke nan aikin. Ba kai ka mutu domin su ba, wani ya riga ya yi. Kai dai a same ka. Kana da abin da ni ba ni da shi: ƙafarka na iya bin su fili, kana jin yarensu, kuma za ka daɗe bayan an manta da ni. Ran Asabar ka zo nan. Akwai wata kujera mai cin mutum uku, ba na iya juya ta. Kuma in za ka ba da haƙuri, ka ba da shi tsirara. Kada in ji 'amma'."

Ran Asabar Gola ya shigo da saurinsa, ya ga wanda ke tsaye a ciki, ya ja birki. Ya juya zai fita, Mama ta miƙe ƙafa ta gyara zaman kekenta, hanya ta ƙuntata.

"Gola, kama mini can," in ji Baba, kamar bai lura da komai ba. "Kai kuma nan. In kun sake ta a ƙafata ku za ku goya ni gida."

Ba yadda yaron zai yi. Suka kama, suka kifa ta, ƙura ta tashi. Baba ya farke ƙyallen, ya ba kowa filaya, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Aka yi ta cire ƙusa ba mai kallon wani.

Mai Lantarki ya gyara murya. "Gola, na yi maka laifi. Ka ba ni amana na watsar a gaban mutane. Na ja maka dariya, na ja maka damuwa a gida. Ka yafe mini." Baba na ganin jijiyar wuyan ta fara tashi. "Ni dai Allah ya sani, nufina shi ne..."

Baba ya miƙa masa tafin hannu, ƙananan ƙusoshi a ciki.

"Riƙe mini waɗannan."

Saurayin ya buɗe hannu.

"Hannunka na aiki. A baki. Sababbi ne, ban tsotsa ba. Ka kama su da leɓe, kan a ciki, tsinin a waje, kada ka haɗiye mini kaya."

Mai Lantarki ya dube shi, ya dubi ƙusoshin, ya jera su a leɓe. Wata dariya ta kuɓuce wa Gola ta hanci, ya yi maza ya haɗe rai.

"Gam ya ƙare," in ji Baba. "Bari in je in dawo."

Mama ta kalli gwangwanin gam da ke cike har baki, ta kalli mijinta, ta ci gaba da taka kekenta.

Bai je ko'ina ba. Ya zauna a bencin mai facin taya, bango ɗaya tsakaninsa da shagonsa. Da farko ba ya jin komai sai keke. Can muryar yaron ta fara fitowa, ƙasa-ƙasa, sannan ta hau, ta yi kaushi, ta karye, ta sake hawa. Ba a jin kalmomin. Abin da ake ji shi ne ba wanda ke katse ta. Lokaci-lokaci sai wani "uhm" mai nauyi ya biyo baya.

Baba ya san abin da ya kamata a ce wa yaron a daidai wannan gaɓar. Maganar na kan harshensa, a shirye, mai kyau. Sau biyu yana dafa benci zai tashi.

"Tsoho, ƙaya ce a bencin nawa?" in ji mai faci, yana tsoma tayar cikin ruwa. "Ko an kore ka daga shagonka ne?"

"Ni na kori kaina."

"To zauna da kyau, kana girgiza mini ruwa."

Ya zauna. A duk shekarun da ya yi da matasa, bai taɓa yin aikin da ya ba shi wuya kamar zaman nan ba.

Da ya koma, hannu wofi, sun cire ƙusoshin gefe guda kaf. Idon Gola ya yi ja. Bai ce ya yafe ba, Baba kuma bai tambaya ba.

"Asabar zan zo taron," yaron ya ce wa katako. "Amma ba zan yi addu'a ba. Kada wani ya ce in yi."

Mai Lantarki ya tofar da ƙusoshin a hannu, ya motsa muƙamuƙi. "Zo ka zauna kawai. Zan riga ka zuwa in gaya musu ni na yi laifi, kuma duk wanda ya sake yi maka maganar zura ƙwallo, da ni zai yi. Mamarka kuma, in ka yarda, mu je mu same ta tare. In ba ka yarda ba, ba zan je ba."

"Tukuna."

"To, tukuna."

Baba ya jawo gwangwanin madara, ya tona, ya zaro makullin ya miƙa.

"Wani ya yar da wannan a shagona. Nan ba ma riƙe kayan mutane."

Asabar ta sake yin shiru a shagon. Wani lokaci da la'asar sukan wuce ta ƙofar za su fili, Mai Lantarki a gaba da ƙwallo a hammata, samarin na biye suna ihu. Gola kan ɗaga dogon hannunsa ya ce "Baba!" bai ko rage tafiya ba. Har yanzu abin na ɗan sukar Baba a ƙirji, ba ya musu. Yakan ɗaga guduma ya amsa, ya bi su da ido har su sha kwana. Ko yaron ya fara jin wani abu in yana addu'a, Baba bai sani ba. Ba shi ake gaya wa ba yanzu.

Sai dai wasu baƙin sun fara zuwa. Wata ma'aikaciyar jinya da aka ba 'yan matan ikilisiya ta kawo wata kujerar cin abinci da ba abin da ya same ta, ta zauna gefen keken Mama har rana ta juya. Bayanta wani direban bas da aka roƙa ya taimaka da samari ya shigo, wai yana tambayar yadi, ya tsaya yana murza hularsa.

"Baba, ni fa ban san me zan ce musu ba. Tsoronsu nake ji, wallahi."

"Madalla," in ji Baba. "Wanda ba ya tsoronsu shi nake tsoro. Kama nan mu juya ta."

Suka kifa kujerar. Baba ya miƙa masa filaya, ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Maman yara, in kin fita ki sayo mini batir. Agogon nan ya isa haka."

"Sai yau?"

"Uhm." Ya riga ya zuba ƙusoshi a baki.